Rufin Asirin Wa? Tarihin Wasu Finafinai a Kan Taɓin Hankali

Sa'ad da muke yara, akwai wani ɗaki can ƙuryar gidan kakana wanda ba a yarda mu matsa kusa da shi ba. Sai da na yi wayo sa'an nan na gane ashe ƙanen mahaifina ne a ciki, tun da lalura ta same shi yana saurayi. Ba zan yi wa gidanmu ƙarya ba, ba a taɓa barinsa da yunwa ba, kuma kowace Juma'a akan yi masa wanka a sake masa tufafi. Amma in baƙo ya tambayi 'ya'yan kaka, sai a ƙirga a tsallake shi. In yaro ya nemi dalili, amsar ɗaya ce, rufin asiri. Ya rasu ina aji biyu na sakandare.

Abin da ya tuno mini da Baffa shi ne wani tsohon fim da wasu abokaina masu karatun likita suka gayyace ni kallo a zangon da ya wuce. Sunansa Titicut Follies, an yi shi a Amurka cikin 1967. Da aka gama sai wani ya ce ai shekara ashirin da huɗu kotu ta yi tana hana jama'a ganinsa. Na tambayi dalili, ya ce wai don a rufa wa marasa lafiyar da ke cikinsa asiri. Jin wannan kalma a bakin alƙalin Turawa, bayan na saba jinta a bakin gwaggonnina, shi ya sa na bi diddigin labarin. To, ga abin da na samo, ko 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu za su taya ni dubawa.

Labarin ya faro tun daga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. Sojojin Amurka da yawa sun komo gida ba rauni ko ɗaya a jikinsu, amma wani ba ya iya tafiya, wani harshensa ya sarƙe, wani kuma ko ƙarar ƙofa ya ji sai ya ɗauki makyarkyata. Masu kamfanoni suka riƙa gudun ɗaukarsu aiki. Don haka cikin 1945 hukumar soja ta umurci wani hafsanta, John Huston, wanda dā ma gwanin shirya fim ne tun kafin ya sa kaki, da ya yi fim da zai nuna wa jama'a cewa waɗannan mutane ba mahaukata ba ne, ciwo ne da su mai warkewa. Huston ya kwashi kayan aikinsa ya tare a asibitin soja na Mason, kusa da birnin Niyok. Ya bi sojoji kamar saba'in da biyar har mako takwas, tun daga ranar da aka kwantar da su har ranar sallama. Babu ɗan wasa ko ɗaya. Ana ganin likita yana yi wa soja allurar da ke sa mutum magagi, yana jansa da hira har ya amayar da abin da ya gani a bakin dāga. Ana ganin wanda aka shigo da shi a tallafe ya miƙe ya taka da ƙafarsa, ana ganin mai i'ina bakinsa ya buɗe. Ya sa wa fim ɗin suna Let There Be Light, watau a samu haske.

Hasken bai samu ba. Cikin 1946, ana shirin nuna shi a wani gidan ajiye kayan fasaha na Niyok, sai 'yan sandan soja suka zo suka ƙwace shi. Hujjar hukuma ita ce fim ɗin ya tona asirin sojojin. Huston ya ce ai duk sun sa hannu a takardar yarda, aka nemi takardun aka ce ba a gan su ba. Shi dai a ganinsa abin da manyan soja suke tsoro daban ne: in samari suka ga yadda yaƙi ke mayar da namiji, wa zai sake zuwa a rubuta shi soja? Abin da ya ƙara mini zargi kuwa shi ne, hukumar ta sa aka sake yin wani fim mai kama da shi da 'yan wasa, mai suna Shades of Gray. A na Huston baƙar fata da farar fata suna zaune wuri ɗaya ana yi musu magani, alhali a lokacin rundunar Amurka a rarrabe take. A sabon kuwa sai aka nemi baƙaƙen aka rasa. Sai ƙarshen 1980 aka saki fim ɗin Huston, bayan mataimakin shugaban ƙasa Walter Mondale ya sa baki, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Kan a Faransa cikin 1981. Samarin da aka yi shi don su sami aiki, a lokacin sun doshi sittin.

Wannan na soja ke nan. Asibitocin farar hula kuwa, abin da ke cikinsu ya fi haka muni nesa. Akwai waɗansu samari da suka ƙi ɗaukar bindiga saboda addininsu, sai gwamnati ta tura su aikin jinya a gidajen mahaukata a maimakon fagen fama. Abin da suka tarar ya girgiza su, har wani ya shiga da kyamara a ɓoye. Cikin watan Mayu 1946 mujallar Life ta buga hotunan: mutane tsirara jingine da bango, ɗaki cike maƙil, ba gado ba kujera. A shekarar ce kuma wata mata, Mary Jane Ward, ta fitar da littafin ƙagaggen labari wanda ta gina a kan zaman da ita kanta ta yi a asibitin Rockland. Daga littafin nan aka yi fim ɗin The Snake Pit, watau ramin macizai, cikin 1948. Anatole Litvak ne ya shirya, Olivia de Havilland ta fito a matsayin matar.

Wannan fim ba a hana shi ba a Amurka, kuma ya yi kasuwa ƙwarai. Akwai wani wuri a cikinsa da ba ya fita a ran wanda ya gani, inda matar take tsaye tsakiyar ɗakin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, sai kyamara ta yi ta tashi sama, ta yi ta tashi, har ɗakin ya koma kamar rijiya, mutanen kuma kamar ƙwari suna motsi a gindinta. Jama'a sun yi ta magana, jaridu suka ɗauka, 'yan majalisa suka shiga kai ziyara asibitoci. Kamfanin da ya yi fim ɗin har ya riƙa bugun ƙirji cewa jihohi ashirin da shida sun gyara dokokinsu saboda shi. Mai talla dai ba ya kushe hajarsa, kuma gyaran ya riga ya faro, domin tun 1946 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A Ingila ma an yi abin dariya. Masu tace finafinai sun yanke wasu wurare, sa'an nan suka sa a rubuta a farkonsa cewa duk 'yan wasa ne, kuma asibitocin Ingila ba haka suke ba. Kowa dai yana kāre ƙofar gidansa.

Me ya sa aka bar wannan aka hana wancan? Dalili na fili shi ne 'yan wasa ne, ba a tona asirin kowa ba. Amma ina ganin akwai na biyu. The Snake Pit ya ba mai kallo ƙofar fita. Akwai likita mai tausayi, ga hoton Freud rataye a ofishinsa, ya zauna da matar ya tono abin da ya same ta tun ƙuruciya, ta warke, mijinta ya zo ya tafi da ita. Mai kallo ya share hawaye ya tafi gida da sanyin zuciya. Sauran matan da aka bari a rijiyar fa? Cikin 1955 yawan mutanen da ke kwance a irin waɗannan asibitoci na gwamnati a Amurka ya haura dubu 550, ba a taɓa kai haka ba kafin nan ko bayan nan. Abin da ya soma rage su kuwa ba fim ba ne. Ƙwayar kulofuromazin ce, wadda aka fara gwadawa a Faransa cikin 1952 ta iso Amurka 1954, sai kuma dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu cikin 1963 don a riƙa kula da mutane a garuruwansu.

Yanzu sai mu zo kan fim ɗin da ya sa ni wannan rubutu.

Frederick Wiseman lauya ne, yana koyar da shari'a a Jami'ar Boston. Yakan kwashi ɗalibansa ya kai su kotuna da gidajen yari, don waɗanda za su zama alƙalai gobe su ga inda suke tura mutane. A haka ya san Bridgewater, a jihar Massachusetts. Sunansa asibiti, amma hukumar gidajen yari ce ke riƙe da shi, gandirobobi ne a kan marasa lafiya. Ana kai waɗanda suka yi laifi cikin taɓin hankali, ana kuma kai waɗanda kotu ta tura a duba hankalinsu kafin shari'a. Daga cikin waɗannan akwai waɗanda aka manta da su shekaru, ba shari'a ba sallama. Shugaban wurin, Charles Gaughan, ya daɗe yana roƙon gwamnati kuɗi da likitoci ba a kula shi ba, don haka ya yi maraba da Wiseman, yana fatan in jama'a suka gani za a taimaka. Mataimakin gwamnan jihar, Elliot Richardson, shi ma ya goyi baya. A riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi.

Cikin 1966 Wiseman da mai ɗaukar hoto John Marshall suka yi kwana ashirin da tara a ciki. Fim ɗin baƙi da fari ne, tsawonsa minti 84. Ba mai bayani, ba kiɗan da aka ɗora, ba wanda ya fuskanci kyamara ya gaya maka abin da za ka ji a ranka. Sunan ma daga wurin ya fito. Titicut shi ne sunan da mutanen ƙasar na asali suke kiran kogin da ke kusa, Follies kuwa wasan nishaɗi ne da marasa lafiya da gandirobobi suke yi tare. Da wannan wasa fim ɗin ya buɗe, mutane a jere da huluna suna waƙa, idanunsu kamar ba a jikinsu suke ba.

Wurare uku ne suka tsaya mini. Na farko wani dattijo, dā malamin makaranta ne. An fito da shi tsirara za a yi masa aski, gandirobobi suna ta tambayarsa me ya sa ɗakinsa ba tsabta. Ya amsa, su ce ba su ji ba. Ya sake amsawa, su sake tambaya, har ya fusata ya kama ihu, sa'an nan a mayar da shi ɗakin da ba komai a ciki yana buga ƙafa a ƙasa. Sun san abin da suke yi sarai, nishaɗinsu ke nan. A nan ne na sunkuyar da kai, domin na tuna mu ma mun bi wani bawan Allah a bakin kasuwa da waƙa da jifa, muna jira ya juyo mu watse da dariya.

Na biyu wani mutum ne da ya ƙi cin abinci. Aka danne shi a kan tebur, likita ya zura masa roba ta hanci, ya hau kujera yana ɗura masa abinci ta mazurari, ga taba a bakinsa, tokarta ta yi tsawo tana rataye daidai kan mazurarin. Wiseman ya riƙa yanka wannan yana saka wani hoton, na mutumin nan dai bayan ya mutu, ana yi masa aski a hankali ana gyara gawarsa. Ladabin da bai samu ba yana da rai, ga shi ya samu a makara.

Na uku shi ya fi ba ni tsoro, ko da yake ba duka ba zagi. Wani saurayi ne da aka kawo daga gidan yari. Ya tsaya gaban likitoci yana bayani dalla-dalla cewa wurin nan ƙara masa ciwo yake yi, maganin yana cutar da shi, a mayar da shi kurkuku ya ƙarasa wa'adinsa. Maganarsa a tsare, hujja bayan hujja. Da ya fita sai likitocin suka yanke shawarar a ƙara masa magani. Wanda aka riga aka rubuta wa hauka, in ya yi shiru ciwo ne, in ya yi gardama ciwon ne ya tsananta. Fim ɗin ya ambaci sunayen waɗannan mutane, ni dai na bar su.

An nuna shi a bikin finafinai na Niyok cikin 1967. Kafin nan gwamnatin Massachusetts ta riga ta garzaya kotu, kuma babban lauyanta a lokacin ba kowa ba ne sai Elliot Richardson, wanda ya taimaka aka buɗe ƙofar tun farko. Cikin 1968 Mai Shari'a Harry Kalus ya yanke cewa fim ɗin ya keta haddin marasa lafiya, ya siffanta shi da mugun mafarki mai cike da ƙazanta, ya ce a hana shi a kuma hallaka shi. Wiseman ya ɗaukaka ƙara. Cikin 1969 babbar kotun jihar ta sassauta, ta ce kada a ƙone, amma ba mai ganinsa sai likitoci da lauyoyi da alƙalai da ma'aikatan jin daɗin jama'a da ɗaliban waɗannan fannoni. Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi sauraron maganar. Ana ƙirga shi a matsayin fim na farko a ƙasar da aka hana jama'a gani ba don batsa ko tsaron ƙasa ba.

A nan ya kamata a yi adalci, domin hujjar kotu ba banza ba ce. Mutanen nan an nuna fuskokinsu, an nuna tsiraicinsu. Suna da 'ya'ya da ƙanne a gari. Wanda hankalinsa ya gushe, ta yaya zai ce ya yarda? Wiseman ya ce ya nemi izinin masu iya ba da izini, sauran kuwa shugaban wurin ne waliyyinsu, kuma ya yarda. Wannan amsa ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Amma ga inda maganar gwamnati ta karye. Ba Wiseman ne ya tuɓe su ba, a tuɓe ya same su. Hukumar da ta bar dattijo ba wando ita ce ta je kotu tana kukan an ga tsiraicinsa. Hukuncin 1969 kuwa, in ka duba da kyau, ya ba masu aikin damar gani, ya hana masu biyan haraji da masu jefa ƙuri'a, watau su ne kaɗai waɗanda in suka fusata ɗan siyasa zai motsa.

A tsakanin nan ne, cikin 1975, aka yi One Flew Over the Cuckoo's Nest, wanda na san da yawa cikinmu sun gani. An ɗauke shi a asibitin jihar Oregon, shugaban asibitin Dokta Dean Brooks ya buɗe ƙofa, har ya fito a ciki a matsayin likita, marasa lafiya kuma suka yi aiki tare da masu shirya shi. Ya ci manyan kyaututtukan Oska guda biyar. Ya sa duniya magana, ba shakka, sai dai likitoci har yau suna kuka da shi, domin ya sa mutane tsoron maganin wutar lantarki, wanda yanzu a cikin barci ake yi kuma yana ceton masu ciwon damuwa mai tsanani. Abin lura dai shi ne, ƙagaggen labari yana yawo a silima ko'ina, na gaskiyar kuwa yana kulle.

Cikin 1987 iyalan wasu mutum bakwai da suka mutu a Bridgewater suka kai ƙarar gwamnati. Ɗaya daga cikin lauyoyin ya ce da an bar jama'a sun ga fim ɗin shekara ashirin da suka wuce, da wurin bai kai haka ba. Ba mai iya tabbatar da wannan, amma maganar ta shiga kunnen mutane. Cikin 1991 Mai Shari'a Andrew Meyer ya ɗage hanin. Daga cikin dalilansa har da cewa lokaci ya ja, da yawa cikin waɗanda aka nuna sun riga mu gidan gaskiya. Watau sai da masu asirin suka mutu a inda suke sa'an nan aka ga babu laifi a dube su. Daga baya aka nuna shi a talabijin, cikin 2022 kuma aka shigar da shi jerin finafinan da ƙasar take adanawa don tarihi.

Da na koma gida hutu na tambayi gwaggona maganar Baffa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, muna da 'yan mata biyar a gidan a lokacin. Wa zai aure su in an ji?" Ban ga laifinta ba, haka garin yake. Amma na gane asirin da aka rufa namu ne, shi kuwa ƙofa aka rufa masa. Duk da haka in aka ce da ni yau wani ya shiga ɗakin nan da kyamara ya nuna wa duniya Baffa a yadda yake, wallahi ba zan yarda ba. Kuma in na ga samari suna ɗaukar mai lalura a titi da wayar hannu suna watsawa don a yi dariya, ba Wiseman nake tunawa ba, gandirobobin nan nake tunawa. Na kasa raba gardamar nan a raina, ina tare da Wiseman a kan Bridgewater, ina tare da gwaggo a bakin ƙofar Baffa.

Bridgewater dai yana nan. Cikin 2009 wani saurayi ya mutu a hannun gandirobobi suna ƙoƙarin ɗaure shi a gado, kuma sai 2017 aka janye su daga ɗakunan marasa lafiya aka miƙa aikin ga ma'aikatan jinya. A hukuncin 1969, kotu ta umurci Wiseman ya sa ɗan bayani a fim ɗin cewa an sami canje-canje da gyare-gyare a Bridgewater tun daga 1966. Ya bi umurni. A ƙarshen fim ɗin rubutu yakan fito, yana cewa kotu ta ce a gaya muku an sami canje-canje da gyare-gyare. Sa'an nan wani rubutun ya biyo, yana cewa an sami canje-canje da gyare-gyare. Bai ƙara ko harafi ba. Mu ma mun karanta su a daren nan, kafin wani ya tashi ya kunna fitila.